Ki Biya Kafin a Rufe Lissafi

Sersouf, Tamanrasset

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata Hadiza, wadda bakina bai taɓa iya kama sunanta ba saboda sunan mahaifiyata ne, sai dai in ce Uwani.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ko a cikin jirgi kika buɗe ta, ko sai da kika sauka kika huta gajiya. Allah Ya tsare miki hanya, Ya sauke ki lafiya, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya raba ki da sharrin abin da kika sani da wanda ba ki sani ba.

Innarki ta riga ta yi miki nata faɗan, na salla da kamun kai da cin abinci a kan lokaci da rufe kunnuwa in sanyi ya sauko. Ba ni da abin da zan ƙara a kan nata, ta fi ni iya wannan. Nawa faɗan in kika ji kansa za ki yi dariya, don maganar ɗan katin roba ne wanda bai kai tafin hannunki ba. Amma ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe. Wannan katin ya taɓa juya rayuwar gidanmu, ke kina ƙarama ba ki sani ba.

Kin san na zauna a Montreal, garin da za ki karatu yanzu. Abin da kika sani na zaman shi ne hoton nan na ɗakin Innarki, ina tsaye cikin ƙanƙara da ƙatuwar riga kamar buhun gero, ina dariya. Kin kuma san na dawo na shiga shago a kasuwar Assihar tare da yayana, Baba Isuhu. Abin da ya faru tsakanin hoton da dawowar ban taɓa zaunar da ke na faɗa miki ba. Yau zan faɗa.

Da na isa can na samu aiki a wani babban sito, muna loda kwalaye a mota. Ranar da na je buɗe asusu a banki, ma'aikacin ya tambaye ni ko ina son katin bashi, wato katin da za ka yi sayayya da kuɗin banki ka biya daga baya. Na ce masa Allah Ya kiyaye. Na taso a gidan da ake cewa wanda ya kwana ba a bin sa komai ya fi sarki barci. Sai na riƙa biyan komai hannu da hannu, ina jin kaina mutum mai tsabta, har ina yi wa abokan aikina kallon tausayi in na ga sun zaro kati.

Abin da ban gane ba shi ne can ba kamar nan ba ne. A nan in ɗan kasuwa ya zo daga Agadas yana son ya san ko ni mai cika alkawari ne, wurin masu shayi zai zauna ya yi tambaya, kafin a zuba kofi na biyu ya ji tarihina da na ubana. Can ba wanda ya san ubanki. Akwai manyan ofisoshi guda biyu, buro ake ce musu, da aikinsu kawai su ajiye tarihin bashin kowa. Bankuna da kamfanonin waya da manyan kantuna su ke aika musu labari: wane ya karɓa, wane ya biya, wane ya makara. Daga wannan labarin suke ba mutum maki. In za ki kama ɗakin haya, ko ki sayi mota, wani lokaci har neman aiki, wurinsu ake zuwa a tambayi halinki. Wanda bai taɓa karɓar bashi ba, ba za su ce mutumin kirki ne ba. Cewa za su yi ba su san shi ba.

Wanda ya buɗe mini ido shi ne Malam Haruna, mutumin Tasawa, direban tasi, wanda zai tarbe ki a filin jirgi in Allah Ya so. Shi ya ce mini in ina da niyyar kawo iyalina, to in fara gina suna tun da wuri, don ba a gina shi rana ɗaya. Na ce masa yaya zancen riba? Muka je wurin limamin masallacinmu. Ya ce malamai sun saɓa a kan katin, wasu ba sa son a karɓe shi sam, wasu sun yi sauƙi ga wanda ya tabbata zai biya duka kafin kuɗin ruwa ya hau kansa. Ni ba malami ba ne, Uwani. Ki tambayi wanda kika yarda da iliminsa, ki bi abin da zuciyarki ta natsu da shi. Amma in kin karɓa, ki karɓi guda ɗaya tak, mai ƙaramar iyaka, wanda ba a biyan kuɗin shekara a kansa. Ki riƙa sayen katin shiga bas da ɗan cefane da shi, abin da dama za ki saya ko babu shi. A takardar wata za ki ga sun rubuta wani ɗan ƙaramin adadi sun ce ko shi kaɗai kika biya ya isa. Wannan ƙofar riba ce, kada ki leƙa ta. Ki biya duka. Kuma kada ki taɓa cirar tsabar kuɗi da shi a na'ura, don wannan tun ranar da kika cira ruwa yake fara hawa.

Kuskurena na biyu ya fi na farko ciwo, don na yi shi ne ina ganin na zama gwani.

Da katin ya shigo hannuna, sai jinin kasuwanci ya motsa. Na lura in kantuna sun karya farashi ana samun salula da agogo da turare da araha. Sai in saya da katin har ya kusa cika, in ba matafiya su kawo wa Baba Isuhu, ya sayar a Assihar, ya aiko mini da kuɗin ta hannun 'yan kasuwa. Kuɗin kan iso gab da ranar biya, ni kuma in biya duka, ko sisi ba na bari. Ban taɓa makara ba, ban taɓa ba su kuɗin ruwa ba. Ina tafiya ina jin cewa in an buɗe takardata a buro ɗin nan, sai an tafa mini.

A lokacin takardunku na zuwa sun yi nisa. Na fara neman gida, don ɗakin da nake ciki na maza ne, mu da yawa. Na samu wani mai ɗaki biyu a hawa na biyu, a wata unguwa mai shiru. Ƙaramin ɗakin tagarsa na kallon filin wata lekkol, makarantar yara. Na tsaya a tagar nan ina kallon yara suna gudu cikin rigunan sanyi masu launi, na ce a raina nan Uwani za ta shiga, Innarta na hango ta daga sama. A ranar na kira gida na ba Innarki labari. Ta miƙa miki waya, kika tambaye ni ko za a bar ki ki shiga jirgi da ɗan akuyarki, wani fari mai baƙin kunne da kike bi ko'ina a tsakar gida. Na ce miki za mu roƙi direban jirgi.

Mai gidan wani dattijon Bature ne mai fara'a. Ya ce in sa hannu ya duba tarihina, na sa da sauri. Da na koma, sai na ga fuskarsa ta sauya. Ya zaunar da ni ya ce, "Ina ganin kai mutumin kirki ne. Amma takarda ta nuna tarihinka gajere ne, kuma kowane wata katinka a cike yake. Mutumin da katinsa ke cike kullum, in aiki ya tsaya masa sati ɗaya, da me zai biya ni?" Ya ce in kawo wanda zai tsaya mini. Malam Haruna ya so ya yi, amma ya riga ya tsaya wa wasu, nauyin ya yi masa yawa. Kafin in samu wani, an ba wasu gidan.

Na tafi banki raina a ɓace, da takardun biyana duka a hannu, ina cewa ƙarya aka yi mini. Aka haɗa ni da wata ma'aikaciya, ashe 'yar Aljeriya ce daga arewa. Da ta ji na ambaci Tamanrasset sai ta saki Faransanci ta koma Larabci, ta ce in zauna in sha ruwa tukuna. Ta ɗauki takardar wata guda ta ɗora yatsa a kan kwanan wata biyu da ke samanta. Ni duk zamana ɗaya kawai nake dubawa.

Ta ce, "Ɗan'uwana, wannan ita ce ranar biya, ita ka sani. Wannan ta sama kuma ita ce ranar rufe lissafi, makonni kafin waccan. Abin da ke kan katinka a ranar rufewa, shi muke aika wa buro. Ba sa ganin ka biya daga baya. Wata ya zagayo, ka sake cika shi, mu sake aikawa."

Na ce mata to ai ban ci kuɗin kowa ba. Ta ce ta sani, kuma an rubuta cewa ban taɓa makara ba, wannan yana da kyau. Amma makin yana duba wani abu dabam, wato nawa ka ɗauka daga cikin abin da aka yarda ka ɗauka. Wanda aka ba iyaka ya riƙa kai wa bakinta, ana yi masa kallon mai neman nutsewa, ko da gwanin iyo ne.

To ki riƙe wannan da kyau, ɗiyata, don shi ne dalilin rubuta takardar nan. Kati yana da ranaku biyu. Ranar biya ita ke tsare ki daga riba da tabon makara. Ranar rufe lissafi ita ke nuna wa duniya fuskarki. Ki nemi ranar rufewa a takardarki, ki sa salularki ta tuna miki 'yan kwanaki kafin ta zo, ki biya mafi yawan abin da ke kai tun lokacin, don kuɗi kan ɗauki kwana ɗaya ko biyu kafin ya shiga. Ba dole sai kin mai da shi babu ba, ɗan abu kaɗan in ya rage ba laifi, sai ki ƙarasa shi kafin ranar biya. Abin da aka saba faɗa shi ne kada abin da za a aika ya wuce kashi ɗaya cikin uku na iyakarki, in ya yi ƙasa da haka ya fi. Kuma ba kowane banki ke aikawa a ranar rufewa ba, na ji wasu sai ƙarshen wata. Kada ki yi zato. Ki shiga ki tambaye su baki da baki wace rana suke aikawa, matambayi ba ya ɓata. In wata rana larura ta sa kin cika katin, kada hankalinki ya tashi. Wannan tabon ba ya daɗewa, da an aika sabon lissafi mai sauƙi makin yake farfaɗowa. Makara ce ke zama shekaru a takarda. Da na san wannan tun farko, da biyan da nake yi ɗin nan na matsar da shi baya kaɗan, da kin yi lekkol a ƙarƙashin tagar nan.

Da na fito daga bankin na kira Innarki. Na buɗe baki in faɗa mata gaskiya, sai na ji kunya ta kama ni. Yaya zan ce mata ni da ake ba amanar kaya a Assihar ba tare da shaida ba, an hana ni ɗaki saboda ba a yarda da ni ba? Sai na ce mata takardu ne suka tsaya, a ƙara haƙuri. Ta ce Allah Ya sa haka ya fi alheri. Wannan ƙaryar ita ce ta buɗe wa sauran ƙofa.

Daga nan tsoro ya shige ni. Na daina aiken kaya, na koma biyan kati tun kafin a rufe lissafi, amma zuciyata ba ta kwanta ba, ina son in riƙa ganin abin da ake rubutawa a kaina. Ana haka na ga tallar wani kamfani da ya ce aikinsa sa ido a kan tarihin bashin mutum. Suka ce za su tsare mini suna dare da rana, duk abin da ya motsa za su sanar da ni, kuma watan farko kyauta ne. Ban tambayi kowa ba, ko Malam Haruna, na ba su lambar katina. Kowane wata suna cirar kuɗinsu, ni kuma ina buɗewa in ga makina yana hawa, da wata koriyar alama mai cewa komai lafiya. Har na kamu da son kallonta. Kafin in karya kumallo sai na duba, in na dawo aiki in duba.

A gidan mazan da nake akwai wani ɗan ƙasarmu, Laminu, yaro mai ladabi, a lokacin da kaɗan ya wuce shekarunki na yanzu. Takardunsa na zama ba su daidaita ba, saboda haka ba mai ba shi layin waya. Tun kafin zancen gidan nan ya roƙe ni in karɓa masa da sunana, shi zai riƙa biya. Na ji nauyin in ce a'a, muna cin tuwo kwano ɗaya. Na ba shi takarduna har da lambar nan da gwamnati ke ba kowane ma'aikaci, ya je ya cika da kansa. Bayan wani lokaci ya tashi ya koma wani gari neman aiki, muka yi sallama lafiya, na manta da zancen.

Da sanyi ya wuce na samu wani gidan, bai kai na farko ba amma ya isa. Na tafi da ƙarfin gwiwa, don da safen nan ma na ga koriyar alamata. Matar da ke kula da hayar ta duba, ta juyo da fuskar na'urarta ta nuna mini. Bashin waya da ba a biya ba. Katin wani babban kanti da ban taɓa shiga ba, an cika shi an gudu. Duka biyun an miƙa su ga masu karɓar bashi, kuma wasiƙun gargaɗi suna ta zuwa wani adireshi a garin da Laminu ya koma. Nan na gane da takarduna ya karɓi katin.

Na kira kamfanin sa idon nan ina tambayar ina idon nasu yake. Wani ya amsa mini cikin ladabi cewa su buro ɗaya kawai suke dubawa daga cikin biyun, kuma an rubuta haka a yarjejeniyar da na amince da ita. Gaskiyarsa ne, an rubuta, da ƙananan baƙaƙe a can ƙasa. Bashin Laminu kuwa ɗaya buron aka kai shi. Da na ce su rufe mini, sai aka riƙa tura ni daga wannan zuwa wancan, suna ci gaba da cirar kuɗi, sai da na yi da gaske kafin na rabu da su.

Ga abin da na koya da tsada. Kafin ki ba kowa ko dala don ya duba miki, ki sani kina da haƙƙin ganin takardarki a buro biyun nan kyauta, kuma duba taki da kanki ba ya rage miki maki. Malam Haruna ya ce mini yanzu abin ya ƙara sauƙi, bankuna da yawa suna nuna makin a cikin salula ba da ko sisi ba. Ki fara da wannan, ɗaliba mai kati ɗaya da wuya ta buƙaci fiye da haka. In kuma wata rana kin ga kina son na biya, tambayar farko ita ce buro biyun suke dubawa ko ɗaya. In suka ce ɗaya, kin ji labarina. Ki tambaye su in wani ya nemi bashi da sunanki yaushe za ki ji, a ranar ko sai wata ya ƙare, don labarin gobara ba ya amfani bayan an kwashe toka. Ki nemi hanyar fita tun kafin ki shiga, ki ga ko da kanki za ki iya rufewa ko sai kin yi roƙo. Watan kyauta kuwa ki san ranar ƙarewarsa, don ba za su tuna miki ba. Su ma na kyautar ba don Allah suke yi ba, za su riƙa cusa miki tallar wasu katunan suna cewa kin cancanta. Ki duba abin da ya kai ki, ki rufe. Duk wanda ya ce zai goge miki tabo in kin biya shi, maƙaryaci ne. Abin da yake gaskiya ba mai goge shi sai lokaci, abin da yake kuskure kuma ke da kanki za ki rubuta wa buro su gyara, ba a biya. Kuma ki sani ko mafi kyawunsu mai gadi ne da zai yi miki kururuwa in ɓarawo ya shiga, ba ƙofa ba ne. Na ji an ce yanzu a can ana iya kulle takardar mutum yadda ba mai buɗe sabon bashi da sunansa sai ya buɗe da kansa. Ki bincika wannan da kin isa.

Amma ƙofar gaske ita ce bakinki. Za ki haɗu da 'yan ƙasarmu, za su yi miki alheri, wata rana wata da kuke ci tare za ta ce ki ara mata sunanki na ɗan lokaci. Za ki ji kunya kamar yadda na ji. In kina da kuɗi ki ba ta kyauta, ki ba ta abincinki, ki raba bargonki da ita. Sunanki da lambarki kada ki ba kowa. Ki ce babanki ya hana, ki ɗora mini laifin, zan ɗauka.

Game da katin kantin, an ce mini in ina son a cire shi daga kaina sai na kai ƙara wurin 'yan sanda na kawo takarda. Na je har bakin ofishinsu. Na tsaya ina tunanin yaron nan da ba shi da takardu, da abin da zai same shi in na ambaci sunansa, da tsohuwarsa da yake yawan ba mu labarinta. Na juya na koma gida, na yanke cewa ni zan biya. Ban ce ki yi yadda na yi ba, har yau ban tabbata daidai na yi ba. Laminu bai sake nemana ba. Na yafe masa, amma na daɗe kafin yafiyar ta sauka daga bakina zuwa zuciyata.

Na ƙara aiki a kan aiki, sito da rana, wankin motoci ranakun hutu. Kiran gida ya ragu, don duk kira sai Innarki ta tambayi takardu, ni kuma sai na ƙara wata ƙaryar. Ana cikin haka Baba Isuhu ya kira ni daga Damagaram ya ce jikin mahaifiyarmu ya yi nauyi, ya bar shago ya tafi wurinta. Ya kara mata wayar a kunne. Muryarta ta yi ƙasa ƙwarai. Ta ce, "Habu, ba aike nake so ba. Fuskarka nake son gani." Na ce mata in damina ta wuce ina nan tafe. Kuɗin jirgi yana hannuna a ranar, Uwani. Amma na riga na sa a raina cewa ba zan taka gida ba sai na wanke sunana, kada in dawo da kunya. Na zuba kuɗin a bashin Laminu. Damina ba ta wuce ba ta rasu. A waya na yi ta'aziyyar uwata, a tsaye a bakin sito, da safar aiki a hannuna.

Na ƙarasa biyan bashin, aka rubuta an biya. Ranar da na ga haka na zauna ina jiran in ji daɗi, ban ji komai ba. Ban daɗe ba na haɗa kayana na dawo, na fara zuwa Damagaram na tsaya a kan kabarinta, sannan na hau mota zuwa nan. Kin yi tsawo, kin ɓuya a bayan zanen Innarki kina leƙena kamar baƙo. Ɗan akuyan ya zama babba har an sayar.

Bayan kwana biyu na zaunar da Innarki na faɗa mata komai, tun daga gidan mai taga har zuwa ƙofar 'yan sanda. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Malam, ni da na zauna da kai ɗaki ɗaya a Tahaggart, rufinsa na yoyo, muna dafa abinci a bakin ƙofa, rashin ɗaki biyu ne zai hana ni zuwa wurinka? Da ka faɗa mini, da na sayar da 'yan kunnena ka zo ka ga mahaifiyarka." Ba ta sake tayar da zancen ba har yau. Na fi son da ta yi mini faɗa.

Wannan shi ne babban kuskurena, sauran duk 'ya'yansa ne. Makin nan kayan aiki ne, kamar ma'aunin shago. Ki kula da shi, ki duba shi sau ɗaya a wata, ki wuce ki yi karatunki. Bai san ko kin yi salla ba, bai san ko kin ciyar da maƙwabciyarki ba. In ya faɗi, ko kin makara, ko wani ya cuce ki, ko kin yi wauta da kanki, ki kira gida a satin. Ba sai kin gyara ba tukuna. Ki kira da abin a ɓace yadda yake, mu ji tare. Kuma in kika ji an ce ɗayanmu ba lafiya kina da halin zuwa, ki zo da bashinki a kai, a biya shi daga baya.

Saura abu ɗaya. Na san halinki. Da kin fara samun ɗan aiki za ki so ki aiko wa Innarki atamfa, ni ki aiko mini agogo, ƙannenki salula, don mutanen Sersouf su ga ɗiyar Habu ta isa. Kada ki ɗora ko ɗaya a kan kati. Shago yana ciyar da mu, alhamdu lillahi. Kuɗin da muka kashe a karatunki tun daga lekkol ta unguwa har jami'ar Alje ba rance ba ne, ba mu rubuta shi a ko'ina ba. Ki tafi da sanin cewa a gidan nan ba mai bin ki komai.

Allah Ya yi miki albarka, Uwani. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, damanki da hagunki. Ya ba ki ilimi mai amfani da abokan zama na gari, Ya sanya miki ɗumi a ƙasar sanyi, Ya rufa miki asiri duniya da lahira. Ni da Innarki mun yafe miki abin da kika yi mana da wanda ba ki yi ba. Ke ma ki yafe mini shekarun da kika yi kina tambayar yaushe Baba zai zo. Na ba Allah ajiyarki, Shi da ajiya ba ta ɓata a wurinSa. Allah Ya kai ki lafiya, Ya dawo mana da ke lafiya muna raye.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Habu